Gwangwani Mai Jan Zare

Shafi na 14

"Ki fito min da su," in ji Prodan.

"Ba na jin ka."

"Kina ji sarai, Yaya. Gwangwanayen fim ɗin nan, ki fito min da su."

Yayarsa Radmila ba ta ɗago ba. Dafaffiyar alkamar da ake rabawa a wurin biso take shiryawa a faranti, tana danna ta da bayan cokali, tana barbaɗa sukari. Baƙin ɗankwalinta ya sauko har gira.

"Suna inda ya dace da su," ta ce.

"A ƙarƙashin ƙafar gawa?"

"A ƙarƙashin ƙafar mai su."

Prodan ya tura ƙofar kicin da dunduniya ta rufu. A motar safe ya sauko daga birnin Novi Sad, ko jaka bai ajiye ba ya gangara ɗakin ƙasa, inda suke ajiyar kaya. Gangunan jiƙaƙƙen kabeji mai tsami na nan. Kwalaben barkono da kokwamba na nan a jere. Kantar da fina-finan gidansu suke kai ce kawai wayam, sai zagayen tsatsa a jikin katako. Da ya hau falo don ya ga gawar Baba, a nan ya same su, an jera su a cikin akwatin gawar ta wajen ƙafa, an rufa musu farin ƙyalle.

"Binne uba ka zo, ko kwasar gwangwani?"

"Duka biyun."

"Ko kunya."

"Kin sa masa hularsa, na yi shiru. Kin sa sandarsa da askarsa da gilashinsa na gyaran agogo. Har taba kin sa masa, wadda likita ya hana shi. Ban ce komai ba."

"Haka ake yi."

"Abin da mutum yake amfani da shi ake sa masa. Yaushe rabon Baba da kunna majigi? Tun ban yi wayo ba."

"In ba a sa masa ba zai dawo nema." Ta ajiye cokalin. "Kuma ni zai zo wa a mafarki, ba kai ba. Kai ko da ransa sai ka ga dama kake leƙo shi."

Ya haɗiye wannan. Ta san inda take dukansa, tun yana yaro ta sani. Ita ta raine shi bayan rasuwar Mama, ita ta yi masa wanka, ita ta zane shi. Shekara goma sha bakwai ta ba shi, amma ko yanzu da ya haura talatin, in ta ɗaga gira sai ya ji ƙafarsa na neman ja da baya.

Yau bai ja ba.

"Na gaya miki abin da Malama Yelka ta ce."

"Mai ƙaton tabarau ta gidan adana fina-finai? Na ji. Ta ce gwangwani yana ciwo."

"Fim ɗin ne yake ruɓewa daga ciki. In ya fara tsami shi ke nan, yana ci yana shafa wa na kusa da shi. Wanda na kai mata ta ce saura kaɗan. Suna da ɗakin sanyi. Za su kwafe su a na'ura, su ba mu namu. In an kai da wuri."

"Su ba mu namu. Sun yi kirki."

"Akwai na Kaka Gavrilo a ciki, tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ta ce irinsu a duk yankin nan ba su da yawa. Wankan kogi, tsinkar inabi, bikin shekara na ranar waliyyin gidanmu, mutanen da ko kabarinsu ba a sani ba yanzu."

"Sai baƙi su zauna a kujera suna kallon uwarmu da rigar wanka."

"Ni zan kalle ta."

Radmila ta goge gefen farantin da yatsa.

"Hotonta ɗaya nake da shi," ya ce. "Tana tsaye kamar an dasa ta. Ban taɓa ganinta tana tafiya ba. Ban san yadda take dariya ba. Ke kin sani. Kin ƙoshi, shi ya sa kike zubarwa."

"Ka iya bakinka."

"Wa ya saukar da su ɗakin ƙasa?"

"Me?"

"Baba a saman kabad yake ajiye su, naɗe cikin bargo. Ko ƙura ba ya bari ta taɓa su. Da ciwo ya kwantar da shi sai suka koma ƙasa. Wa ya kai su?"

"Gida ya yi mana kaɗan."

"Ɗaki biyu ne a kulle a gidan nan."

"To ni na kai. Sai me?"

"Cikin laima. Jikin gangar kabeji. Duk wanda ya sauka ya ji tsami sai ya ce kabeji ne. Ni ma haka na yi ta cewa." Ya matso kusa da teburin. "Ko kin san abin da kike yi?"

Ta ɗauki farantin da hannu biyu.

"Matsa min. Mutane na jira."

Aka ƙwanƙwasa, aka turo ƙofar ba a jira amsa ba. Milutin ne, mijin Radmila, da guduma a hannu da ƙusoshi a aljihun gaban riga.

"Fada ya baro coci," ya ce. Ya dubi Prodan sama da ƙasa. "Ɗan birni, har yanzu shari'ar gwangwanin ake? In kana son kallo akwai talabijin a ɗakina. In an gama biso sai ka kunna."

"Ba da kai nake ba."

"Ai na sani. Ba a yi da ni sai an zo haƙa rami da ɗaukar akwati."

Radmila ta raɓa su ta fice. Prodan ya bi bayanta.

An lulluɓe madubin falo da tawul, kamar yadda ake yi in an yi mutuwa. An tsayar da agogon bango, da sauran agogunan da Baba ya mutu bai gama gyarawa ba. Tsofaffi mata sun zauna a jikin bango cikin baƙaƙen kaya. Maza na tsaye bakin ƙofa da ƙananan kofunan giya, kowa ya ɗan zuba a ƙasa don mamacin kafin ya kurɓa. Warin kyandir da na furanni ya cika ɗakin. A ƙarƙashinsu akwai wani warin, siriri, mai tsami kamar ruwan kal. Daga ƙafar akwatin yake fitowa.

"Kabejin bana ya yi ƙarfi," in ji wata tsohuwa tana fifita hanci.

"Zo nan, hajata."

Inna Persida ce, maƙwabciyarsu, a kujerar da ta fi kusa da kan gawar. Ta kusa shekara casa'in, idonta ɗaya ya yi fari. Tun yana yaro haka take kiransa. Duk unguwa an san labarin. Mama ta binne jarirai uku bayan Radmila. Da aka haife shi sai aka yi abin da ake yi: aka miƙa shi ta taga aka sayar wa Persida mai 'ya'ya bakwai rayayyu, don in mutuwa ta zo ta tarar ba ɗan gidan ba ne. Persida ta zagaya da shi ta shigo ta ƙofa. Shi ya sa aka sa masa Prodan, wato sayayye. Kowace Ista sai ya kai mata jan ƙwai ya sumbaci hannunta.

Ya durƙusa ya sumbaci hannun.

"Ka rame," ta ce. "Da na san haka za ka koma da ban saya ba."

"Ai ba a mayar da kaya, Inna."

"An mayar mana." Ta yi 'yar dariya, ta tuna inda take, ta gimtse.

Ya miƙe ya tsaya kan Baba. An aske shi tas, an ɗaure haɓar, hannuwan a ƙirji. Gilashin nan mai ido ɗaya da yake leƙa cikin agogo yana leƙowa daga aljihun kwat. Prodan ya zagaya wajen ƙafar akwatin ya ɗaga farin ƙyallen.

Milutin ya riƙe masa hannu.

"A gaban mutane?"

"Sake ni."

"Matata ta ce a bar su."

"Matarka ba ita kaɗai aka haifa a gidan nan ba."

Ya fizge. Ya shiga duba su ɗaya bayan ɗaya, manyan na Kaka Gavrilo masu tsatsa, ƙananan na Baba. Ya san su duka, ya sha ɗaga su a ɗakin ƙasa. Ya sake dubawa. Ɗaya babu. Wani ɗan ƙarami da aka ɗaure da jan zaren ulu, irin wanda ake ɗaura wa jariri a wuyan hannu saboda baki. Kullum a can ƙuryar kanta yake, bayan sauran.

Ya ɗago ya dubi Radmila.

Ba shi take kallo ba. Matashin da ke ƙarƙashin kan Baba take kallo.

Ya taka zuwa kan gawar.

"Prodan." Muryarta ta yi ƙasa sosai.

Ya sa tafin hannu ƙarƙashin ƙeyar Baba. Sanyi, da nauyin da bai zata ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Wani a bakin ƙofa ya ce, "Wannan yaron ba shi da lafiya." Ya zura ɗayan hannun ƙarƙashin matashin, yatsunsa suka taɓa ƙarfe.

Ya zaro shi. Jan zaren ya koɗe, amma ƙullin na nan.

Ya kwantar da kan Baba a hankali. Ya gyara masa gashi.

"Ku ɗan ba mu wuri," in ji Radmila, ba ta juya ba. "Don Allah. Ku sha iska a tsakar gida."

Suka fita suna waiwaye. Milutin ya tsaya. Inna Persida ko motsi ba ta yi ba.

"Ƙafata ba ta zuwa ko'ina," ta ce. "Kuma kunnena ya mutu tun bara. Ku yi abinku."

Radmila ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Ba ni wannan."

"Me ya sa?"

"Shi ya ce a sa masa a ƙarƙashin kai."

"Shekara nawa Baba ya yi ba ya iya magana?"

"Da ido ya nuna min."

"Da ido ya nuna miki jan zare a ɗakin ƙasa."

Milutin ya yi tsaki. "Ba ta kawai mu huta. Ramin nan ni na tsaya aka haƙa shi, ga hadari yana haɗowa."

Radmila ta bar jikin ƙofar. Ta je wajen ƙafar akwatin ta yaye ƙyallen gaba ɗaya. Ta fara fito da gwangwanayen tana jerawa a kan tebur, kusa da farantin alkama. Ɗaya ya kusa suɓuce mata.

"Ga su," ta ce. "Na Kaka Gavrilo, na Baba, duka. Kwashe ka kai wa mai tabarau. Ta sa su a ƙanƙara, ta nuna wa duk garin, ban damu ba."

Ta ɗora yatsa a kan ɗaya daga ciki.

"Wannan mai lanƙwasasshen murfin, ranar da muka je kogi ne. Mama tana ciki tun daga farko har ƙarshe. Tana gudu a yashi, iska ta ɗauke mata hula, tana bin ta tana dariya. Haƙorinta na gaba akwai wushirya, ba ka sani ba ko? Wannan kuma tana koya min keke. Wannan tana rawa da Baba ranar waliyyi, ta cire takalmi." Ta tura su gabansa. "Abin da kake nema ke nan. Ɗauka. Ka ba ni na hannunka."

Ya dubi teburin. Wushirya. Bai sani ba. A hoton da yake da shi bakinta a rufe yake.

Ya dubi ɗan gwangwanin da ke hannunsa. Ko cika tafinsa bai yi ba.

"Ɗazu kika ce Baba zai dawo nema."

"Zan ji da shi."

"Duk waɗannan a bakin wannan ɗaya."

"E."

"Me ke ciki?"

"Ba komai. Ya lalace."

"To me za ki yi da lalatacce?"

Fuskarta ta ɗaure.

"Ka saurare ni da kyau, yaro. In ka kwance zaren nan, waɗannan duka su koma inda na ɗauko su, Milutin ya buga ƙusa. Ka je ka kai ni ƙara duk inda kake so. Kafin a saurare ka ƙasa ta gama da su."

"Zan buga kuwa," in ji Milutin. "Ni duk na gaji da warinsu."

Daga waje aka ji ƙarar ƙofar gida, da gaishe-gaishe. Fada ya iso.

Prodan ya miƙa hannu aljihun kwat ɗin Baba ya zaro gilashin gyaran agogo.

"Har aljihunsa," in ji Radmila. "Ɓarawon gawa."

Ya kai zaren baki ya tsinke shi da haƙori.

Murfin ya ƙi buɗuwa, sai da ya sa farce. Tsamin da ya taso ya sa idonsa ruwa. Naɗin fim ɗin ya kumbura, gefensa ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Malama Yelka ta ja masa kunne, kada ya kuskura ya warware ko ɗaya da hannu, hoton yana iya ɓarewa ya bar shi da leda fara. Ta kuma nuna masa yadda ake dubawa in ya zama dole: a riƙe ta gefe, a ɗaga wa haske, kawunan mutanen da ke cikin hoton su kasance a sama. Abin da ke sama shi ya fara faruwa, na ƙasa ya biyo baya.

Ya je taga. Ita ce tagar da aka ce an miƙa shi ta cikinta. Ya ja labule ya maƙala gilashin a ido.

"Prodo," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun yana firamare. "Bari."

Ya jawo bakin fim ɗin. Ya yi ƙara kamar ana ɓare busasshiyar albasa.

Hotunan farko duk tsami ya cinye su, sai tabo ruwan ƙasa. Ya ƙara ja. Bango ya fito. Bishiyar tuffa, tana ƙarama a lokacin. Taga, daga waje aka ɗauka. A cikin ɗaki mace tana tsaye ta dafa katakon tagar.

Mama.

Ya ƙara matso da fim ɗin kusa da gilashin. Ya bi hotunan ƙasa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sai ga kanta yana juyawa. Kaɗan-kaɗan. Tana duban wani abu a gefe. Ya ga wuyanta ya motsa. Shekara talatin da wani abu yana jiran wannan.

Hannunta babu komai.

Ya koma sama ya sake bi. Babu jariri a hannunta. Cikinta a shafe, ɗamarar atamfar girki a ɗaure tam a ƙugu.

Ya ƙara warwarewa. Wani ɓangare ya manne, ya ja, hoton ya ɓare ya bi yatsansa kamar ƙaiƙayi. Ya ciji leɓe ya wuce wurin.

Daga gefen da Mama take kallo wata ta shigo. Ba Persida ba ce. Persida doguwa ce mai jiki ko a hotunan da. Wannan yarinya ce siririya, da kitso ɗaya har gadon baya, da rigar sanyi ta maza da ta yi mata yawa. Tafe take tana jan ƙafa, tana dafa bango, irin tafiyar wanda bai daɗe da tashi daga kwanciya ba. Ta rungume abu cikin farin bargo.

Ta tsaya a bakin tagar.

Mama ta miƙo hannu biyu.

Yarinyar ba ta bayar ba. Hoto bayan hoto, tsawon hannunsa guda na fim, tana tsaye ta ƙanƙame bargon. Sai wani hannu ya shigo daga gefe, na mace mai jiki, da zobe a yatsa, ya tura gwiwar hannunta sama.

Bargon ya haye katakon taga ya shiga ciki.

Yarinyar ta juyo wajen kyamara. Tsamin ya cinye rabin fuskar. Rabin da ya rage bakin a buɗe yake, kuma akwai ɗan tabo a kan gira, inda ƙugiyar rijiya ta taɓa yankar ta.

Prodan ya cire gilashin daga ido.

Radmila tana inda take. Ɗankwalin ya zame baya. Tabon na nan a kan gira, ya yi fari da tsufa.

"Ka gani, hankalinka ya kwanta," ta ce. "Al'ada ce aka yi, Baba ya ɗauka. Kawo."

"Ina Inna Persida a ciki?"

"Ba ta ji daɗi ba ranar. Na tsaya mata."

"'Yar gida ba ta sayen ɗan gida. Mai 'ya'ya ake nema."

"To an yi kuskure."

"Cikin ɗaki aka miƙa jaririn, ba waje ba."

"Dawo da kai ake yi. Ka fara kallo daga tsakiya."

"Ta taga ake fitarwa, ta ƙofa ake dawowa. Yaran unguwa ma sun san wannan."

"Ka riƙe shi a juye ne."

"Kanku yana sama."

Milutin ya dubi matarsa, ya dubi Prodan. Gudumar ta sauka gefen cinyarsa.

"Wai me ke cikin abin nan?"

Ba wanda ya kula shi.

"Shekarar da aka haife ni," in ji Prodan, "aka ce kin tafi garin Subotica wajen Gwaggo koyon ɗinki. Wata da watanni."

"Na je."

"Ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa ba. Ni nake ɗinke nawa tun ina aji uku."

Ta yo kansa. Bai zaci tana da sauri haka ba. Ta cafki fim ɗin da ke lilo a hannunsa ta ja, shi ma ya riƙe. Ba a yi wata kokawa ba. Abin ya tsinke kawai, ɗan sauti kamar an karya tsinke. Naɗin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin akwatin yana warwarewa, gutsattsarin hoto na zuba a kan darduma.

Ta dunƙule nata guntun a tafin hannu ta matse. Da ta buɗe, gari ne da leda.

A hannunsa saura ɗan guntu, bai wuce tsawon yatsa ba. Ya ɗaga shi wa taga. Yarinyar ce, da rabin fuskarta.

Ya sa shi a aljihun ƙirji.

"Ka kashe shi," ta ce tana haki. "Abin da ka zo ceto, da hannunka ka kashe shi."

"Ke kika fara. Ni na ƙarasa."

"Na ba ka Mama a kan tebur ka ƙi."

"Wace Mama?"

Ta ɗaga hannu za ta mare shi. Ya tsaya bai kauce ba. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko da kansa.

Ya juya wajen tsohuwar. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi kowace Ista.

"Inna Persida."

Tana kallon kyandir.

"Hannun da ya tura ta, naki ne. Na ga zoben."

"Na ce maka kunnena ya mutu."

"Kin ji ni ɗazu."

"Ɗazu daban." Ta jawo gyalenta ta rufe hannun mai zoben. "Ni abin da aka ce in faɗa na faɗa. Kuma ka rayu, ko ba ka rayu ba? Ga ka nan ƙato kana tayar wa mutane hankali."

Aka ƙwanƙwasa. Muryar Fada daga waje, a tausashe, yana cewa lokaci yana tafiya, ga ruwa na shirin sauka.

Radmila ta gyara ɗankwalinta ta ja shi har gira. Ta koma teburin ta fara kwasar gwangwanayen tana mayarwa cikin akwatin. Na Kaka Gavrilo. Na keke. Na rawa. Mai lanƙwasasshen murfin ta ɗauka a ƙarshe, ta ɗan riƙe shi, ta sa shi a ƙafar Baba ta ja ƙyallen.

"Na gaya maka," ta ce. "Milutin, ɗauko murfin."

Milutin bai motsa ba.

"Radmila, shekara ashirin da biyar muna tare. Kika ce min likita ya ce ba za ki taɓa..."

"Ɗauko murfin."

Ya je ya ɗauko shi daga jikin bango, yana tafiya kamar wanda aka tasa daga barci. Ƙofa ta buɗe. Fada ya shigo da kaskon turarensa, mutane a bayansa suna leƙe.

Milutin ya ɗora murfin daga wajen ƙafa ya fara turo shi sama. Ya rufe gwangwanayen. Ya rufe gwiwa. Ya rufe hannuwan.

Prodan ya ɗora tafinsa a bakin akwatin, daidai kafaɗar Baba. Murfin ya zo ya tokare da yatsunsa.

"Cire hannunka, ɗana," in ji Fada.

Bai cire ba.

"In ka ga dama ka buga ƙusar a kai," ya ce wa Milutin. Bai ɗaga murya ba.

Hayaƙin turare ya taso tsakaninsu, ya kasa danne tsamin. Ya dubi fuskar da ke cikin akwatin, mutumin da ya tsaya a tsakar gida da kyamara ranar nan bai ajiye ta ba, kuma bai ƙona abin da ya ɗauka ba. Sannan ya dubi matar da ke tsaye a ɗaya gefen. Ya buɗe baki zai ce Yaya, kalmar ta ƙi fita.

"Fada zai tambayi wa zai fara zuba ƙasa," ya ce. "Ɗa ne yake farawa."

Ta runtse ido.

"Kafin in cire hannuna ki gaya min. Wanda za mu binne yau, ubana ne ko kakana?"